Wane Ne Ya Kashe Fijo?

Yau dai a yi mini haƙuri, ba ci gaban labari na zo da shi ba, ƙorafi ne, kuma na san akwai waɗanda maganar za ta sosa wa rai. To sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisu da tashoshin mota, wai duk wata tsohuwar mota akwatin gawa ce, wai kamata ya yi hukuma ta tattara irin su Peugeot 504 da Beetle da Vespa ta raba su da titi, a kai wa 'yan gwangwan su auna a kilo, kowa ya huta. Ni kuwa ina cewa wannan magana zalunci ce, kuma rufa-rufa ce. Domin kuwa motar da ake zagi ba ta yi wa kowa laifi ba. Masu laifin mutane ne iri uku: mai raina ta, da mai sayar da ita a kilo, da mai yi mata gyaran ganganci. Su nake so mu zauna da su yau.

Bari mu fara tuna wace ce wannan mota da muke kira Fijo. A Faransa aka fito da 504 a shekarar 1968, kuma a 1969 ita aka zaɓa gwarzuwar motocin Turai. A 1975 ita ce ta lashe gasar Safari ta Kenya, gasar da ake yi cikin taɓo da duwatsu da ƙura, irin hanyoyin ƙauyukanmu sak. A wannan shekarar dai ta 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a masana'antar Kakuri ta Kaduna. Turawan da suka ƙirƙiro 504 sun daina yin salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Wato ke nan mota ce da 'ya'yanmu suka ɗaura wa noti da hannunsu kusan shekara 30. Ita ce motar gwamnati a zamanin mulkin soja na Obasanjo, ita ce tasi, ita ce motar asibiti, wagon ɗinta ce ke jigilar Kano zuwa Maiduguri, akori-kurarta ce ke kwaso buhunan gero daga kasuwannin ƙauye. Wace amarya ce a wancan zamani ba a kai ta ɗakin miji cikin Fijo ba?

Haka nan babura. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, malaman makaranta da akawuna sun hau Vespa da Honda da Yamaha da Suzuki, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan rubutu a gaban Vespa ɗin mahaifinsu aka riƙa kai su firamare, suna tsaye riƙe da kan babur. A lokacin muna da Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauchi, da masu haɗa manyan motocin Fiat a Kano, da Leyland a Ibadan, da Mercedes a Inugu. Bayan shirin SAP na 1986 da faɗuwar naira, akasarinsu suka durƙushe, muka koma 'yan jiran kwancen Turai, abin da muke kira Beljiyam. Waɗannan tsofaffin da muke yi wa dariya shaida ne na motocin da muka haɗa a ƙasar nan a wancan zamani.

Mai laifi na farko shi ne mai raini, kuma a nan dole in taɓa abokan sana'ata marubuta. Ɗauki littattafan soyayya goma ka duba. Saurayin kirki kullum cikin dalleliyar mota yake zuwa zance, a da Honda Hala ko End of Discussion, yanzu kuma Lexus da Range Rover. Ita kuwa Fijo ba ta fitowa sai an zo wurin ban dariya: ga tsoho mai neman auren dole ya zo cikin wata tsohuwar 504 tana tari, yara na turawa, budurwa na leƙe ta taga tana tsaki. Haba jama'a! Yarinyar da ta karanta wannan sau hamsin, yaya za ta kalli mahaifinta da ya riƙe motarsa shekara 30 bai ci bashin kowa ba? Mun koya wa yara cewa mutumin da ya iya riƙon abu matsiyaci ne, wanda ya ci bashi ya sayi kwancen Bature mai shekara 15 shi ne wayayye. Alhali ita ma Beljiyam ɗin tsohuwa ce, fenti kawai ya rufa mata asiri.

Mai laifi na biyu shi ne magaji mai gaggawa. Maigida ya rasu, ba a yi sadakar arba'in ba an kira 'yan gwangwan. Su zo da guduma da wutar yanka ƙarfe, su daddatsa motar da injinta lafiya lau, su ɗora a sikeli. Kuɗin da za a samu ba zai kai wata biyu ba an cinye shi a cefane. Ni ban ga laifin ɗan gwangwan ba, sana'arsa yake yi. Amma ku sani duk 504 ɗaya da aka narkar, an narkar da giyar da za ta tayar da wata, da gilashi, da ƙofofi da fitilu da sitiyari. Ko da motar ta gaji ba ta gyaruwa, a kai ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a kwance ta a sayar ɗaya bayan ɗaya, ta raya 'yan uwanta goma, kuma kuɗin ya fi na kilo.

Sai mai laifi na uku, wanda shi ne babba, domin shi ne ya ba masu zagi abin faɗa. Ina nufin mai mota da bakanikensa idan suka haɗa baki a kan gyaran a-lallaɓa. Bari in kawo misalai, kowa ya duba ko ya san su.

Mota ta fara zafi, maimakon a wanke lagireto a duba famfon ruwa, sai a cire tamostat a jefar, wai don ƙasar Turai aka yi shi. Alhali aikin wannan ɗan ƙarfe shi ne ya riƙe inji a zafin da ya dace da shi, wajen digiri 80 zuwa 90. Injin da ke aiki da sanyi ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa. Sannan a ɗebo ruwan rijiya a ɗura a lagireto. Injin 504 gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam, ruwan rijiya yana cin su da tsatsa yana toshe hanyoyin ruwa. Bayan shekara guda gaskit ya ƙone, sai a ce ai tsufa ne.

Bututun birki na ƙafa ɗaya yana yoyo, sai a daddake shi da guduma a toshe, a bar mota da birkin ƙafa uku. Ranar da aka taka da ƙarfi sai ta fizge gefe guda ta nufi rami. Man birki ya ƙare a hanya, sai a kaɗa ruwan sabulu a zuba. Shi kansa man birki na gaskiya yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake so a sauya shi duk bayan kamar shekara 2, domin idan ruwa ya yi yawa a ciki, birki na ɗaukar zafi sai ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa. To ina ga ruwan sabulu tsantsa?

Taya kuwa sai a sayo kwance don araha, an manta araha ba ta ado. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna ranar haihuwarta. Idan ka ga 2319, to an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ko da zanen tayar bai suɗe ba. Ka ɗora busasshiyar taya a kwaltar watan Afrilu, ka loda mutum 10 a wagon ɗin da aka yi don mutum 7, ka ɗaure buhuna a sama, sannan idan ta fashe a ce Fijo ta kashe mutane. Don Allah wa ya kashe su?

Mu zo kan kwaskwarima. Ni ba na adawa da a sauya wa tsohuwar mota wani abu. Abin da nake adawa da shi shi ne a ƙara mata gudu a bar ta da tsohon birki. Saurayi zai ciro inji mai ƙarfi daga wata mota ya dasa, a yanka nan a yi walda can, bai taɓa birki ba, bai taɓa shokozoba ba, bai je an gyara lambar inji a takardun mota ba. Ga lissafin da ko ɗan sakandare ya sani: idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkawa huɗu take yi. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, wata sabuwar kwaskwarima ta shigo, wato mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG. Abu ne mai kyau ga tsohuwar mota mai shan mai, idan ƙwararru suka yi da tukunyar da aka ƙera don haka. Amma wannan gas ana matse shi ne da ƙarfin da ya kai ninki 200 na iskar da muke shaƙa. A watan Oktoba 2024 wata mota ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin, mutane suka jikkata, kuma aka gano tukunyar haɗin hannu ce ta mai walda. Duk wanda ya ce zai haɗa maka tukunyar CNG a bakin titi, to kabari yake haƙa maka, ka tashi ka bar wurin.

Masu babura ma ga naku. Tsohuwar Vespa injinta na buƙatar a gauraya mata baƙin mai na musamman a cikin fetur, kamar kashi 2 cikin 100 a yawancin waɗanda muka sani. Wani don ƙeta sai ya zuba mata tsohon man da aka juye daga mota, ta riƙa turnuƙe unguwa da hayaƙi, fulogi na mutuwa kullum. Yara kuma su yanke salansa don ƙara, su cire madubi wai ƙauyanci ne, su kwance birkin gaba wai yana kayar da mutum, alhali shi ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da babur. Wannan ba ado ba ne, neman karaya ne.

Na san abin da mai jayayya zai ce. Zai ce tsohuwar mota ba ta da jakar iska, ba ta da birkin zamani, tana shan mai, tana hayaƙi. Gaskiya ne, sabuwar mota ta fi kare rai idan aka yi karo, ba zan musa ba. Amma talakan da za ka raba da 504 ɗinsa ba sabuwa zai saya ba. Ko dai ya koma tafiya a ƙasa, ko ya sayi Beljiyam mai kwamfuta wadda idan ta tsaya a Gwarzo sai an ɗauko mai na'ura daga birni, wata ma an riga an cire jakar iskar tata an like wurin. Ita kuwa Fijo, bakaniken kowane ƙauye ya san cikinta. Idan injinta ya gaji ana zare silif a sa sabo, a sa fistin da ringi, ta dawo budurwa. Kwaskwarimar da take buƙata ita ce mai ƙara lafiya: bel na ɗaure jiki gaba da baya, sababbin bututun birki, sababbin wayoyin wuta a madadin waɗanda suka bushe, fitilu masu haske da aka daidaita don kada su kashe wa na gaba ido, da kafireto da aka saita yadda hayaƙi da shan mai za su ragu. Duk wannan bai kai kuɗin sayen wata motar ba.

Ku dubi yadda wasu ke yi. A Jamus tun 1997 motar da ta kai shekara 30, idan aka duba aka ga an riƙe ta da kyau bisa asalinta, ana ba ta lamba ta musamman mai harafin H, a ɗauke ta a matsayin kayan tarihi mai tafiya a titi. A Kuba, takunkumin Amurka ya sa suka riƙe motocin shekarun 1950 da dabarar makanikansu, har suka zama abin da baƙi ke biyan kuɗi su hau a Havana. Mu kuwa da muka haɗa tamu da hannunmu, sikeli muke kai ta.

Don haka kirana ga jami'an duba lafiyar motoci da hukumar kiyaye haɗurra shi ne a bar tambayar shekarun mota, a tambayi birkinta da tayarta da fitilarta da lodinta. Wadda ta faɗi a ajiye ta ko bara aka ƙera ta, wadda ta ci a bar ta ta wuce ko ta girmi jami'in. Ga makanikai, ku ji tsoron Allah, ku koyi cewa "ba zan yi ba" idan mai mota ya nemi gyaran da zai ci rai. Tsofaffin da suka san kafireto da kunne suna ƙarewa, a tura musu yara su kwashi ilmin kafin a binne shi da su. Ga 'yan uwana marubuta, ko sau ɗaya a ba mu saurayi mai mutunci wanda ya zo zance cikin 504 ɗin mahaifinsa, tsaf da ita, budurwa ta fito da fara'a. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wanda yake ganin na yi kuskure, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa mu ji. Allah Ya kiyaye mu a hanyoyinmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu dace. Wassalam.