PeptiDream: mai biyan kuɗi ke zaɓen cuta

A 2006 Farfesa Hiroaki Suga na jami'ar Tokyo da ɗan kasuwa Kiichi Kubota suka kafa PeptiDream a Japon. Kamfanin na neman magunguna cikin peptid, wato gajerun sarƙoƙin furotin, dangin insulin na masu ciwon sukari. Suga ya kawo dabarar bincike, Kubota ya riƙe shugabanci, har kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Tokyo a 2013.

Amma akalar masanan na hannun masu biya, irin su Novartis. Binciken tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, cututtukan da ke addabar mu, gidauniyar Gates ce ta ɗauki nauyinsa a 2017.