Musayar Land Rover da Land Cruiser a Ƙasar Tozai

Kamar yadda aka sani, cinikin ban-gishiri-in-ba-ka-manda ya girmi kuɗi a ƙasar Hausa, kuma har yau bai mutu ba, riga kawai ya sake. A da doki ake musayawa da raƙumi. Yanzu kuwa, a garuruwan bakin iyaka irin su Tozai ta ƙaramar hukumar Illela, abin ya kai ga motoci, musamman tsofaffin nan masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda ke bin hanyoyin da kwalta ba ta taɓa zuwa ba.

Alal misali, a ɗauki direban da ya gaji Land Rover, wadda jama'a ke kira Landiroba, ƙirar Series III, doguwar nan mai inci 109. Da ita yake kwaso gero da wake da albasa daga ƙauyuka zuwa kasuwar Illela ran Lahadi, kuma ita ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta yi gardama. Sai ga dillali ya zo masa da Toyota Land Cruiser ƙirar FJ45, a-kori-kura, wadda ta ƙetaro daga wajen Birnin Ƙwanni, ya ce a yi musaya, mai Landiroba ya yi ciko. Duk wanda ke tasha zai ce masa ya karɓa da hannu biyu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne kada ya yi gaggawa, domin galibi shi ne zai kwana ciki.

Da farko dai sai a ba Toyota haƙƙinta. Injinta, wanda ake kira 2F, mai silinda 6 ne, girmansa lita 4.2, alhali na Landiroba silinda 4 ne, lita 2.25 kacal. Ƙarfinsu ma kusan ninki ne. A kan jigawa, inda rairayi ke riƙe taya kamar mai bin bashi, wannan bambanci ba abin wasa ba ne: Toyota takan haye da lodi, ita kuwa Landiroba sai direba ya ja jar sandar nan ta giyar ƙarfi, yaran mota su sauka su sassabe ƙasa, a shimfiɗa karan dawa a ƙarƙashin tayoyi. Akwatin giyar Toyota ya fi juriya, wutarta kuma ba ta da yawan rigima. Wanda ya musanta wannan son zuciya ya yi.

To amma fa sunan da Toyota ta yi a wannan yanki ba FJ45 ce ta yi shi ba, kuma a nan ne dillali yake cin kasuwarsa. A shekarar 1987 ne sojojin Cadi, a zamanin Hissène Habré, suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Doum a kan motocin a-kori-kura, har aka laƙaba wa yaƙin sunan Yaƙin Toyota. Bayan haka kuma hanyar Agadas zuwa Libiya ta cika da Hilux. Waɗannan su ne suka sa kasuwannin Ƙwanni da Tawa da Agadas suka cika da kayan gyaran Toyota. Sai dai kayan na Hilux ne da na Land Cruiser ƙirar 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984, kuma da yawansu na injin gas ne. Ita FJ45 'yar gidan ƙirar 40 ce, wadda aka fara a 1960, kamfanin ya daina ta a Japan a 1984, injinta kuma na fetur ne. Watau mutum yana iya tsayawa a tsakiyar shaguna goma masu allon Toyota, ya rasa kafireton motarsa. Suna ɗaya ne, amma zuri'a daban, kamar dai Bagobirin da ya je neman gado a gidan Bakatsine don kawai sunan ubansu ɗaya.

Landiroba kuwa talaucinta shi ne arzikinta. Tun da aka fito da injin nan mai lita 2.25 a 1958, ba a yi masa wani babban sauyi ba har aka rufe ƙirar Series III a 1985. Saboda haka ƙarfen wata yakan shiga jikin wata ko da shekara ashirin ke tsakaninsu. Daɗin daɗawa, mota ce ta hukuma: da ita En'e ta yi rangadi, da ita malaman gona da na dabbobi da 'yan sanda suka zaga ƙasar Sakkwato, har aka riƙa harhaɗa ta a masana'antar Leyland ta Ibadan. Gawawwakinta na nan kwance a bayan garejoji, kowace gawa kuma rumbun kayan gyara ce. Tsohon bakanike yakan kwance ta da sifana da guduma a gindin bedi, ya mayar kafin la'asar. Gaskiya ne tana zubar da baƙin mai, har direbobi na yi mata ba'a cewa ranar da ta daina ɗiga, to man ne ya ƙare. Amma ciwon da mutum ya san maganinsa ya fi lafiyar da ba a gwada ba.

Akwai wata hujja da masoyan Landiroba ke kafawa wadda ba ta da nauyi a nan, ya kamata a ajiye ta gefe. Sukan ce jikinta na goran ruwa ne, ba ya tsatsa, domin an ƙera ta a Ingila a 1948 lokacin da ƙarfe ya yi wuya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Haka ne, amma a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu, tsatsa ba ita ce babbar abokiyar gaba ba. Zafin bazara da ƙurar hunturu su ne, kuma lagireton kowace daga cikinsu sai an yi masa hidima.

Sai batun mai. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. Da aka janye tallafi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mutanen bakin iyaka sun riga kowa ɗanɗana wannan, tun da a Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, aka koma sayen galan a hannun 'yan bumburutu. Duka motocin biyu mashaya ne, amma silinda 6 ba za ta ƙoshi da abincin silinda 4 ba. Kuɗin buhu kuwa manomi ne ke biya, shi ma yana da iyaka: idan aka tsawwala masa, ga amalanke, ga raƙumi, ga babur.

Abin da ya fi duk waɗannan haɗari shi ne takarda. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. An rufe iyakar a Agusta 2019, aka buɗe ta Illela a Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Motar da ta ƙetaro ta ɓarauniyar hanya a irin waɗannan shekaru, ko da injinta na kuka kamar sabo, a hannun kwastan take, rana kawai ba ta zo ba. Tsakanin Illela da Sakkwato, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai, shingaye ba su ƙirguwa da yatsun hannu ɗaya. Landiroba mai tsohuwar lambar Sakkwato kowane jami'i ya san ta, ya san mai ita. Wanda ya ba da ita, ya sayar da shanun huɗa ya yi ciko, sa'an nan aka kama sabuwar a Gwadabawa, ya rasa mota, ya rasa noma, dillali kuma ya riga ya ci la'adarsa. Malaman fiƙihu sun yi bayani, kamar yadda ya zo a Risala, cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye na da ikon mayarwa. To, amma wa zai kai ƙarar mutumin da ke wata ƙasa, a gaban wane alƙali?

Ba a ce musayar ba ta da ranarta ba. Idan shasin Landiroba ya tsage a wurin da walda ba ta riƙewa, ko aikin direban ya koma jigilar kaya masu nauyi a kan rairayi zalla, to lissafi ya sauya. A nan sai ya nemi takardar kwastan ta asali, ya gwada lambar shasi da ta takarda da idonsa, ya tafi da bakaniken da ba abokin dillali ba. Kada a gwada motar a kan kwaltar Illela, inda kowace mota sarauniya ce. A ɗora mata buhu goma sha biyar, a bi da ita hanyar ƙauye da tsakar rana, a kashe ta da zafinta a ga ko za ta sake tashi. Cikon kuma ya fito daga abin da mota ta tara, kada ya taɓa gona ko turke. Idan mai Toyota ya ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, direban Tozai ya koma gida ya sayi galan ɗin baƙin mai, ya ƙara wa tsohuwarsa, ya shirya lodin Lahadi.