Gona da Rumbu: Mace da namiji a cikin buhun wake

A ƙasar Damargu, daga Tanut zuwa Belbeji, hatsi ne ke cika ciki, amma wake ne ke kawo kuɗi. Manomi yakan so ya ajiye wakensa har bazara, lokacin da tiya ke daraja a kasuwar Bakin Birji. Abin da ke hana shi haƙuri kuwa ɗan ƙwaro ne da tsawonsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Masana na kiransa Callosobruchus maculatus, suna kuma lissafa shi cikin babban dangin ƙwari masu cin ganye, ko da yake shi ƙwayar wake ya zaɓa.

Ga mai kallon nesa duk ƙwarin ɗaya suke. Wanda ya zuba su bisa farin ƙyalle ya dube su da kyau zai ga iri biyu. Namiji ya fi ƙanƙanta, launinsa ja-ja ne mai haske, jikinsa gajere. Mace ta fi girma, ta fi duhu, da baƙaƙen tabo a gefen fukafukanta. Alama mafi tabbas tana can ƙarshen ciki, inda fukafukai ba su rufe ba: a wajen mace wurin yana da faɗi, baƙi ne dama da hagu, da farin layi a tsakiya, a wajen namiji ƙarami ne, ya lanƙwashe ƙasa, ba shi da wannan zane.

Girman mace ba ado ba ne, ƙwai ne take ɗauke da su. Cikin kwanakinta, waɗanda ba su cika wuce mako biyu ba, tana iya nasa ƙwai kusan 100, tana manna kowane a bayan ƙwayar wake. Ita da namijin suna iya ƙare rayuwarsu ba su ci komi ba. Tsutsar da ke fita daga ƙwan ita ce ke huda wake ta cinye cikinsa, kuma idan da zafi, cikin mako 3 zuwa 4 ta zama ƙwaro, ta fito ta ɗan zagayayyen rami. Ke nan mace ɗaya da ta shigo daga gona lokacin kaka ta isa ta cika buhu da jikoki kafin bazara. Wake ɗaya, in ji Hausawa, shi ke ɓata gari.

Saboda haka mai jiran ya ga rami ya makara. Abin dubawa shi ne ɗan farin ɗigo a bayan ƙwaya: shaida ce mace ta riga ta wuce ta nan.

Magani kuwa ba sai da guba ba. Tun shekarar 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai ruɓi uku a Nijar, aikin jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu binciken INRAN na Maraɗi. Idan wake ya bushe sarai, aka ɗaure kowane ruɓi dabam, iska na ƙarewa a ciki, tsutsa ta daina ci, haihuwa ta tsaya. Sharaɗin shi ne kada leda ta huje, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiba. Wanda ya kiyaye wannan, shi zai zaɓi ranar sayar da wakensa.