RA'AYINMU: Robar Tayar Babur Da Haƙƙin Masu Sayar Da Kayan Gyara

Duk wanda ke kai da kawo a kasuwar Malanville ya san cewa babur ne jakin wannan zamani. Shi ke kwaso albasa da shinkafa daga gonakin bakin kogi, shi ke kai fasinja Garou da Madécali da Karimama, shi ne kuma ke sada ɗan kasuwa da iyakar Nijeriya. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, nauyin da ke kan babur ya ƙaru, domin kayan da a da mota ke haye gada da su sun koma ana jigilarsu kaɗan-kaɗan zuwa bakin ruwa, inda jiragen kwale-kwale ke jira. Ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ba ta buɗe nata a lokacin ba.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu da ba a cika kula da shi ba, alhali yana cinye kuɗin 'yan kabu-kabu, wato robar nan da ke cikin cibiyar tayar baya, a bayan faifan haƙoran da sarƙa ke hawa.

Ga aikinta. Injin babur irin su Bajaj Boxer da Haojue silinda ɗaya gare shi, ba ya kuma ba da ƙarfi a miƙe. Fizga yake yi, sau ɗaya a kowane juyi biyu na injin. Robar ce ke shanye wannan fizgar kafin ta isa taya, ita ce kuma ke rage zafin bugun da ake ji idan an saki kuloci ko an sauya giya. Idan ta mutu, bugun sai ya sauka kai tsaye a kan sarƙa da haƙora da giya. Matsalar ba ta talaka ba ce shi kaɗai. A Amurka ma masu manyan baburan Harley-Davidson sun daɗe suna muhawara a kan na'urar da ke yi musu irin wannan aiki, wadda tasu a jikin injin take kuma da sifirin take aiki: wasu na cire ta kamfani su sa ta wasu maƙera, wasu na cewa ba a yi komai ba. Bambancin kawai shi ne su galibi don nishaɗi suke hawa, namu kuwa da babur ɗin ake ciyar da iyali.

Abin da masu babur ke faɗa a tashoshinsu ya kasu. Akwai masu cewa robar da ba ta kamfani ba ɓarnar kuɗi ce, tana bushewa ta farfashe, ko kuma ta yi laushi ta lotse tun ba a je ko'ina ba, sai mutum ya fara jin ƙwas-ƙwas a baya duk sanda ya ja mai. Akwai kuma waɗanda suka dace da mai kyau a farashi mai sauƙi, ta yi musu aiki ba su ga bambanci ba. Mu a ganinmu duka ɓangarorin gaskiya suke faɗa, domin kayan gyaran da ke shigo mana daga Legas da Anaca da Kano da Kwatano hawa-hawa ne. Akwai na ainihi, akwai na wasu kamfanoni masu inganci, akwai kuma jabu da aka sa wa leda da tambarin na ainihi. Wannan na ukun shi ne bala'in, tunda mai saye ba ya iya rarrabewa da ido.

Wasu kuma ba sa sayen komai. Sai bakanike ya yanko tsohon tib na taya ya cusa a gefen robar don ya toshe giɓin. Dabara ce da za ta iya kai mutum gida idan dare ya yi masa a hanyar Kandi, ba mu raina ta ba, to amma mayar da ita gyara na dindindin ganganci ne. Faifan da ke rawa yana cin sarƙa, sarƙar da ta saki tana iya zamewa, idan kuwa ta maƙale tayar baya ta tsaya cak alhali ana gudu da buhuna a baya, maganar ta wuce ta kuɗi.

Mun san dalilin da ya sa ake bin arha. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023, man kwalba da masu babur suka dogara da shi ya yi tsada, abin da ke saura a aljihun ɗan kabu-kabu da yamma ya ragu. Wanda zai biya balas ga mai babur, ya sayi mai, ya kai cefane, ba za a ga laifinsa ba idan ya zaɓi roba mai sauƙin kuɗi. Sai dai arha ba ta ado. Robar tana cikin mafi ƙarancin kuɗi a jikin babur, sarƙa da faifanta kuwa sun ninka ta, ga kuma wunin da za a rasa a gareji.

Saboda haka kiranmu na farko ga 'yan uwanmu masu shagunan kayan gyara ne. Ba mu ce a daina kawo mai arha ba, kasuwa ta kowa ce. Abin da muke cewa shi ne a faɗa wa mai saye gaskiyar abin da yake saye: wannan na ainihi ne, wannan na biyu ne, ga farashin kowanne. Ɓoye aibin haja haramun ne a addini, kuma a gari kamar namu, inda kowa ya san kowa, mai shagon da ya sayar da jabu da sunan na ainihi ba ya daɗewa sunansa ya zaga tashoshi. Shugabannin masu kayan gyara za su iya tsayar da wannan ƙa'ida a tsakaninsu ba sai hukuma ta sa baki ba.

Akwai kuma laifin da ke kanmu 'yan kasuwa masu ba da kaya. Babur ɗin da aka ƙera don mutum biyu, mu ne ke ɗora masa buhunan da suka dace da amalanke, don kada mu biya kuɗin sawu biyu. Ko robar kamfani ce ba za ta jure wannan ba. Wanda ya matsa wa yaro ya kwashe kaya a sawu ɗaya, ya sani cewa ribar da ya ci daga aljihun yaron ta fito.

Ga masu babur kuwa, gwajin ba ya cin ko dala. A kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, a kashe injin, a riƙe taya da hannu ɗaya, a gwada juya faifan gaba da baya da ɗayan. Idan ya motsa sosai taya na tsaye, robar ta gama aiki. Duk sanda za a sauya sarƙa ko a yi facin tayar baya, a ce wa bakanike ya fito da robar a gani, a kuma sauya su gaba ɗaya, kada a haɗa sabuwa da tsohuwa.