Wasiƙar Da Ba Ta Isowa Gidajenmu

A wannan mako zancen mota na kawo muku, kada kuwa wata ta ce ai wannan hirar maza ce ta wuce. Sau nawa mu da 'ya'yanmu ne ke cika kujerar baya, maigida ko direba na gaba?

A watan Disamba na 2004 kamfanin Ford na Amurka ya aika wa masu wata motarsa da ake kira Ford GT saƙo, ya ce kowa ya ajiye tasa, kada ya ƙara hawa sai an gyara. Motar nan fa ba irin ta kai yara makaranta ba ce. Kujera biyu gare ta tak, tana iya gudun fiye da kilomita 300 cikin awa guda, kuɗinta kuwa wajen dala 140,000 a lokacin. An yi ta ne don tunawa da wata motar tsere ta kamfanin, GT40, wadda ta ci gasar Le Mans a Faransa sau huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969. Watau dai ita ce 'yar lelen gidan. Duk da haka sai da aka ce a dawo da dukan 448 da aka ƙera zuwa lokacin.

Laifin kuwa a ƙafa yake. Akwai waɗansu hannuwan ƙarfe da ke riƙe taya da jikin mota, suna barinta ta yi sama ta yi ƙasa a kan gargada ba tare da ta rabu da motar ba. Su da shokozoba da sauransu ne makanikai ke haɗawa su kira kayan ƙafa. Na Ford GT zubin alminiyon ne, sai aka tarar zubin bai yi kyau ba, ƙarfen yana iya tsagewa. Duk wadda ta taɓa sayen tukunyar zubi a kasuwa ta san zancen. A ido ga ta sumul, ki ƙwanƙwasa ki ji ta garau, ashe akwai rauni a cikin jikinta, sai ranar da aka ɗora sanwar biki ta nuna halinta. To, tukunya in ta tsage asarar miya aka yi. Ƙafar mota in ta karye ana tsakiyar gudu fa?

Wata za ta ce wannan abin kunya ne ga kamfani. Ni dai ban ga kunya a nan ba. Wanda ya sayar miki da kaya, sa'an nan ya biyo ki har gida ya ce ya gano illa, a ba shi ya gyara da kuɗinsa, ai ya fi wanda ya yi gum yana fata kada a gane. Amma kada mu cika yabon ɗan kuturu, gama ba kirki kaɗai ya sa su haka ba. Doka ce ke bayansu da bulala.

Dokar nan ma sai da aka sha rigima kafin a same ta, kuma a kan ƙafar mota rigimar ta taso. A 1965 wani lauya matashi mai suna Ralph Nader ya rubuta littafi yana sukar masu ƙera motoci, ya fara da Chevrolet Corvair, ya ce yadda aka tsara ƙafafunta na baya yana sa ta ƙwace wa direba a kwana. Kamfanin General Motors, maimakon ya tsaya ga amsa zancen, sai ya sa 'yan leƙen asiri su bi diddigin mutumin ko a sami abin ɓata shi. Asiri ya tonu, har shugaban kamfanin ya ba da haƙuri a gaban kwamitin majalisar dattawa a 1966. A shekarar nan aka yi dokar kiyaye lafiyar motoci. Daga baya, a 1972, binciken gwamnati ya ce Corvair ba ta fi sa'o'inta haɗari ba, amma doka ta riga ta kafu. Yau a can in kamfani ya gano illar da ke iya jawo haɗari, tilas ya gaya wa hukuma, ya rubuta wa masu motar wasiƙa, ya gyara kyauta.

To, ga inda zancen ya shafe mu. Ba mu hawan Ford GT, amma motocin da suka cika titunan Kano da Kaduna da Maraɗi da yawansu daga Amurka suka fito, an ci moriyarsu a can, suka biyo jirgin ruwa ta Ikko ko Kwatano. Irin wannan kira kuwa bai tsaya kan motocin attajirai ba. A farkon 2007 Toyota ya kira Tundra da Sequoia sama da 500,000 saboda boljoyin ɗin ƙafar gaba. Ga kuma jakar iska ta kamfanin Takata, wadda aka kira wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai, don tana iya fashewa ta watsa wa mutum gutsattsarin ƙarfe a fuska, zafi da laima kuwa su ke ƙara lalata ta. Zafi fa! Mu za a gaya wa zafi?

Wasiƙar kira tana zuwa ne adireshin wanda ke da rajistar motar a can. In ya kai an gyara kafin ya sayar, madalla. In bai kai ba, dokar tarayyarsu ba ta hana dillalin tsofaffin motoci ya sayar da ita haka nan ba. Sai ta iso nan a wanke ta, a goge, a shafa wa tayoyi mai, maigida ya kawo ta gida ana guɗa. Wasiƙa tana can cikin akwatin gidan waya na wani Bature, illa tana nan ƙofar gidanmu.

A ganina bai kamata a bar wannan ga mai saye shi kaɗai ba. Tun da kowace mota sai ta bi ta hannun kwastan an rubuta lambarta, me zai hana a duba a nan take ko tana da kiran da ba a amsa ba, a rubuta a jikin takardarta? Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, tana tare mu a hanya tana tambayar abin kashe gobara da tayar safiya. Da kyau. Amma ƙarfen da ke riƙe da tayar da ake tafiya a kai fa, wa ke tambayarsa?

Kafin su farga, uwargida, ga abin da ke hannunki. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba daga ƙasa, ɓangaren direba, ko a jikin ƙofarsa. In motar Amurka ce, a sa lambar nan a shafin intanet na hukumarsu, NHTSA, zai nuna ko akwai gyaran da ba a yi ba, ba a biyan ko kwabo. Yaron gida mai waya zai yi miki cikin minti biyu. Ba lalle wakilin kamfani a nan ya gyara kyauta ba, tun da ba ta hannunsa ta shigo ba, amma ko ba kome an san abin da za a ce wa makanike ya canza.

Sa'an nan ki riƙa kasa kunne, don mai zaman baya ya fi direban da ya saba jin baƙon sauti. In kin ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa duk sa'ad da aka faɗa rami, ko motar tana janyewa gefe guda, ko taya tana cinyewa ta baki ɗaya, ki yi magana. Maigida zai ce sai ƙarshen wata. Ki lallaɓa shi da irin lafazin da kika san yana ji, ki roƙe shi a ɗaga motar a gareji a jijjiga tayar a gani kafin tafiyar Sallah.