Ƙunshin ZIP: Haɗarin da dokokin 2023 ba su tare ba

A watan Agustan 2023 kamfanin tsaron intanet na Group-IB ya fallasa wata ɓaraka a manhajar WinRAR, wadda miliyoyin mutane ke buɗe matsattsun fayiloli da ita. Tun watan Afrilu masu kutse ke cin karensu babu babbaka: mutum ya danna abin da ya ɗauka hoto ne ko takardar PDF a cikin ƙunshin ZIP, ashe muguwar manhaja ya tayar. 'Yan kasuwar hada-hadar kuɗi aka fara hara. Zuwa Oktoba, masu binciken Google suka ce gungun masu kutse da ke da alaƙa da gwamnatocin Rasha da China sun bi sahu.

An toshe ɓarakar a fitowa ta 6.23, sai dai WinRAR ba ta sabunta kanta; dole mai kwamfuta ya sauke sabuwar da hannunsa. Nan ne lamarin ya shafi Najeriya, inda kwamfutoci da dama ke aiki da abin da mai gyara ya zuba musu tun ranar saye.

Satar fasaha ce babbar ƙofa. Finafinan Kannywood da littattafan karatu da manhajojin sata na yawo a Telegram, sau da yawa a ƙunshe da kalmar sirri. Kalmar na ɓoye kayan daga masu farautar ɓarayin fasaha, amma haka take rufe idon manhajar kariya har sai an buɗe ƙunshin. Dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023 ta ba furodusa damar neman a sauke fim ɗinsa daga intanet. Ɗalibin da ya kwaso cuta garin neman na banza kuwa, babu sashen da zai cece shi.

Abin da ya fi tayar da hankali ya shafi 'yan gwagwarmaya. WhatsApp na goge bayanan wurin ɗauka idan an tura hoto a matsayin hoto, amma ƙunshin ZIP na kai komai yadda yake: lokaci, samfurin waya, har da inda aka tsaya idan an kunna wannan. Takardar Word ma kan riƙe sunan wanda ya ƙirƙire ta. Dokar kare bayanai da Tinubu ya amince da ita a Yunin 2023 ta fi mayar da hankali ne kan hukumomi da kamfanoni. Ma'aikacin da ya ƙunshe takardun badaƙala ya aika wa ɗan jarida zai iya tona kansa tun kafin a buga labarin.