Lauyan Maigida da Fakewa da Kalmar "Shawara"

A Amurka akwai wani reshe na aikin lauya wanda mutum kan shiga yana saurayi, ya fita da furfura, bai taɓa tsaya wa ma'aikaci ko sau ɗaya ba. Masu ɗaukarsa haya su ne kamfanoni da masana'antu da manyan kantuna. Aikinsa ba su shawara a kan dokokin ƙwadago: yadda za a ɗauki ma'aikaci, da yadda za a sallame shi, da yadda za a tunkari ƙungiyar ma'aikata. In ya aje aiki, a yaba masa cewa ya tsare kamfanoni daga shari'a. In kuwa aka tuhume shi, amsarsa ɗaya ce: "Ni shawara kawai na bayar, ba ni na rubuta doka ba." Wannan amsa ce nake musu da ita.

Ban ƙi ba, duk wanda aka kai ƙara yana da haƙƙin samun mai kare shi a gaban alƙali, ko da kuwa attajiri ne. Haka kuma lauyan da ya gargaɗi maigida ya biya kuɗin ƙarin awoyi, ko ya daina fifita maza a kan mata wajen albashi, ya amfani ma'aikata. Ƙorafina yana kan aikin da ake yi a ofis, ƙofa a rufe, tun kafin rigima ta kai kotu.

A 1935 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar Wagner, wadda ta ba ma'aikata ikon kafa ƙungiya, da yin ciniki da murya ɗaya, da shiga yajin aiki. Amma dokar ba ta ɗora tara a kan mai karya ta ba. Kamfanin da ya kori ma'aikaci don ya jagoranci kafa ƙungiya, galibi hukuncinsa shi ne ya mayar da shi aiki, ya biya shi albashin baya bayan an cire abin da ya samu a wani wuri, ya kuma manna sanarwa a bango. Kafin a kai ga haka, shekaru sun wuce, tsoro ya watsa sauran. Lauyan da ya zauna ya lissafa wa maigida arhar wannan laifi ya san sarai abin da lissafin zai haifar.

A 1938 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa maigida na iya maye gurbin masu yajin neman ƙarin albashi da sababbin ma'aikata na dindindin. A 2018 kuma, a shari'ar Epic Systems, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, suka halatta kwantaragin da ke tilasta wa ma'aikaci kai kukansa gaban mai sasanci shi kaɗai, ba tare da haɗa kai da abokan aikinsa a kotu ba. Kotu ta halatta, gaskiya ne, amma wa ya tsara sakin layin? Wa ya ba da shawarar a cusa shi cikin takardun ɗaukar aiki, waɗanda mai neman abin sawa a baka zai sa wa hannu bai karanta ba? Alƙali bai tilasta wa kowa rubuta shi ba.

Ita kanta kalmar "shawara" ta zama mafaka. Dokar Landrum-Griffin ta 1959 ta wajabta wa kamfani bayyana kuɗin da ya biya waɗanda ya ɗauko don su hana ma'aikata shiga ƙungiya, sai dai ta togace abin da ta kira shawara. Don haka lauya kan rubuta jawabi, ya horar da manajoji, ya tsara takardun da za a raba, muddin bai tsaya gaban ma'aikata da kansa ba, sunansa ba ya fitowa. Gwamnatin Obama ta yi yunƙurin toshe wannan kafa a 2016, wata kotu a jihar Texas ta dakatar da ita, aka soke ƙa'idar a 2018.

Sakamakon a fili yake. Ma'aikatan wani shagon Starbucks a Buffalo sun zaɓi ƙungiya a Disambar 2021, na rumbun Amazon a Staten Island suka yi haka a Afrilun 2022, shekaru suka shuɗe ba a sa hannu a yarjejeniyar farko ba. Jan ƙafa irin wannan gwaninta ce da ake koyo, ake kuma biya da tsada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki ce, wato mai ba da ita ya sa kafaɗa a cikin aikin. Wanda ya kama aka ɗora jinka ba zai koma gefe ya ce ɗakin bai shafe shi ba. Abin da ya dace shi ne a soke wannan togaciya, a bayyana sunan duk lauyan da aka biya don ya rusa ƙungiya, da adadin abin da ya karɓa. In aikin na mutunci ne kamar yadda masu shi ke faɗa, to ba su da dalilin ƙin a karanta sunayensu a gaban ma'aikatan da aka yi shawarar a kansu.